Bidiyon Ɗan Yayata

Kusan kowa a Kilomita Biyar, unguwarmu a nan Bangui, ya ga yadda ɗan yayata ya mutu. Waɗanda suka san shi sun gani, waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba ma sun gani, wani yana cin abinci, wani yana jiran ciniki. Ni kuwa aikin da na ɗora wa kaina tun daga ranar shi ne kada uwarsa ta gani.

Ni mai gyara ne. Da rediyo na fara, na koma talabijin, da zamani ya juya na koyi buɗe waya, don na ga in ban koya ba zan rufe shago. Shagon nawa yana bakin kasuwa ta wajen masu kayan wuta, kuma duk mai gyaran talabijin ya san ba ya rabuwa da 'yan kallon kyauta. In ka gyara akwati dole ka bar shi a kunne ka ga ko zai sake ɗaukewa, su kuwa mutane da sun hango haske sai su taru a ƙofa. Na yi kora har bakina ya gaji, na ƙyale su.

Shekarun baya, wata rana da hantsi, akwatin wani Alhaji yana kunne a kan wata tashar Faransanci, sai aka nuno wasan mutanen ƙasashen sanyi. An gina musu wata doguwar kwata ta ƙanƙara mai kwana-kwana. Mutum zai kwanta rigingine a kan wani ɗan abin zamiya da bai kai ƙyauren taga ba, ƙafafu a gaba, ba birki ba sitiyari, a sake shi ya sulale. Muna ta dariya, ana cewa wanda ya ƙoshi ba ya rasa abin da zai nema wa kansa. Ana cikin haka wani saurayi ya zo wata kwana, abin ya kuɓuce masa, ya yi sama ya bugi ginshiƙin ƙarfe. Mai magana ya ce bai tashi ba. Sai suka maimaita. Suka sake maimaitawa a hankali, yadda suke yi in an ci ƙwallo. Raina ya ɓaci, na miƙa hannu na kashe akwatin. 'Yan kallo suka hau gunaguni wai ba su gani da kyau ba. Na ce duk wanda yake son ganin mutuwa ya je ya sayi nasa akwatin.

Ɗan Yaya yana cikinsu a ranar, ya kawo mini abinci daga gida. Lokacin ya fara tasawa, muryarsa ta soma buɗewa. Da mutane suka watse ya matso, cikin Hausarsa da rabinta Sango ne, yaren ƙasar nan, ya ce, “Kawu, to da me yake juyawa in ba sitiyari?”

Na ce da rashin hankali yake juyawa. Ya yi dariya. Ni mutuwa na gani a akwatin nan, shi gudu ya gani, kuma ban gane haka ba sai daga baya.

Ya girma ya zama kafinta. Sana'arsa haɗa pus, amalanken nan da ake tura kaya da shi daga motocin Kamaru zuwa shaguna, kuma hannunsa yana da kyau, masu turi suna layi a wurinsa. Bayan rikicin da aka yi a garin nan, da hanya ta sake buɗewa, sai na ji labari wai shi da wasu samari suna zuwa gangaren tudun da ke wajen kogi duk Lahadi da safe, lokacin da motoci ba su da yawa. Ya haɗa wani katako mai tsawon mutum, ya sa masa boris huɗu na tsohuwar mota a matsayin tayoyi, yana kwanciya a kai rigingine ya gangaro kan kwalta. Da ƙafa da kafaɗa yake juyawa. Birkinsa dugadugan takalmi.

Na kira shi shago na wanke shi tas. Na ce su masu ƙanƙarar da hular ƙarfe suke yi, da likita a gefe, an share musu hanya, kuma duk da haka ka ga abin da ya faru da idonka; kai da hular saƙa za ka yi a kan titin da babura suke bi? Ya saurara kansa a ƙasa, don yaro ne mai ladabi, taurin kan nasa a ciki yake. Da na gama ya ce ai da 'yan unguwar Miskine suke yi, Musulmi da Kirista, yaran da 'yan shekarun baya ba mai iya taka unguwar wani. Ya ce in ya kwanta a kan katakon nan ba ya tuna komai, ba ya tuna ƙarar bindiga. Sai na ce zan gaya wa uwarsa. Na kuwa gaya mata. Ta yi masa faɗa ta bayan labule yadda take yi, ya ce to, ya yi Lahadi biyu ko uku bai je ba, ya koma.

Shi ne ɗanta na fari. Yaya irin matan da ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In za ta yi maganarsa sai ta ce mini “ɗan naka”. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami, saboda haka duk abin da ya taso a kansa ni ake nema.

Ranar da abin ya faru ina shago, don ni Lahadi ba ta hana ni buɗewa. Wayata ta yi ƙara, na duba, wani abokin ciniki ne ya turo bidiyo, ya rubuta a ƙasa wai ku ga haukan yaran zamani. Bai san ko wane ne ba. Na danna. Ga gangare, ga samari a gefen titi suna ihu, ga wani ya taho a kwance a kan katako, ƙarar boris ta cika kunne. Tun kafin ya matso na gane rigar, ni na ba shi ita da salla. A kwanar ƙasa wani mai babur ya ɓullo. Yaron ya kauce masa, katakon ya ƙwace, ya tafi da shi kan bakin kwalbati na siminti. Mai ɗauka bai daina ɗauka ba. Ya ruga ya matsa kusa, har sai da fuskar ta cika wayar, wani a gefe yana cewa da Sango, lo kui awe, ya riga ya mutu.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Abin da ya tashe ni tunanin wayar Yaya ne. Tana cikin zauren waya na matan unguwa, da na 'yan kasuwar albasa, da na dangi, kuma ba ta barin saƙo ya huce, da ya shigo take buɗewa.

A wurinmu ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta a tsaye, balle ta waya. Manya ake samu su je, a zauna, a gaisa, a sha ruwa, a fara da cewa jikin ya yi tsanani, a bar zuciya ta shirya, sannan a ce sai haƙuri. Haka aka yi wa mahaifiyarmu, haka na ga ana yi tun ina yaro. Na kira na'ibin limamin masallacin unguwarmu, dattijo ne da ya san gidanmu, na gaya masa. Ya ce yana zuwa, kada in buɗe baki kafin ya iso. Na aika wani maƙwabcin shagona asibiti wajen gawa, ni kuma na kama hanyar gidan Yaya ko ƙofar shago ban ja ba.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Duk tsawon titin Koudoukou mutane ne biyu-biyu, uku-uku, kawuna a haɗe a kan waya. Daga wannan rumfa in ji ƙarar boris, in wuce, in sake jin ta daga ta gaba. Wasu da suka ɗago suka gan ni sai su sa wayar a aljihu su kau da kai, a nan na san an riga an gane ko wane ne. Ba wanda ya yi mini magana. Na fi shekara talatin ban yi gudu a titi ba, ranar na yi.

Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa, wayar tana kan tabarma kusa da gwiwarta. Na yi sallama na zauna, na gaishe ta yadda aka saba. Ta ce lafiya na shigo ina haki? Na ce rana ce. Wayar ta yi ƙara. Kafin ta ajiye tiren na riga ta, na ɗauka na ce ai tun rannan take cewa batirin ba ya riƙe wuta, bari in duba. Na kashe ta na jefa a aljihu. Ta dube ni, ta ce yaushe na fara bin mutane gida da gyara? Na ce yau.

Ƙanwar yaron ta kawo mini ruwa. Idonta ja wur. Ta gani ke nan. Na harare ta, ta gane, ta koma ɗaki ta toshe bakinta. Ni kuma na zauna ina yi wa Yaya hirar tsadar albasa da lalacewar hanyar Kamaru, ina jin muryata kamar ta wani. Daga bayan katanga, gidan maƙwabta, na jiyo ƙarar nan ta taso, sai aka yi saurin kashewa. Yaya ta ɗaga kai ta saurara, ta ci gaba da tsintarta. Dattijon nan kuwa tafiyarsa ta tsufa yake yi, na yi ta tsine wa nisan masallaci a zuciyata.

Da ya iso da wasu dattawa biyu, Yaya ta ga manya uku a gidanta da hantsi ba biki ba suna, sai ta ture tiren gefe ta gyara mayafi. Aka gaisa. Aka sha ruwa. Ya ce yaron ya samu hatsari, an kai shi asibiti, jikin ya yi tsanani. Ta ce to. Ya kawo ayoyi, sannan ya ce sai haƙuri, wanda ya ba da shi ya karɓi abinsa. Ta yi salati a hankali. Ba ta yi kuka ba, ɗan fari ne, ga mutane. Tambaya ɗaya ta yi, kanta a sunkuye: “Malam, ya samu kalma?”

Dattijon ya ce ya samu, waɗanda suke wurin sun ce da kalmar shahada ya cika. Haka ake cewa. Ban taɓa zuwa gidan rasuwa na ji an ce wa uwa ɗanta bai samu ba. Ta ce alhamdu lillahi, ta tashi ta shiga ɗaki. Na sauke ajiyar zuciya, don a ganina mun riga wayar isowa.

Aka yi jana'iza bayan la'asar. Kwanakin zaman makoki na zama ɗan sanda. Na sa ƙanwar yaron ta ajiye kwano a ƙofar shiga wajen mata, duk wadda ta zo gaisuwa ta saka wayarta ciki, in za ta fita ta ɗauka. Wasu suka ji haushi, na ce wadda ba ta iya rabuwa da wayarta ta yi gaisuwar daga gida. A wajen maza na kama wani, da gemunsa da komai, a kan tabarmar makokin, yana nuna wa na kusa da shi a ƙarƙashin babbar riga. Na fizge wayar na yi jifa da ita cikin kwata. Aka rirriƙe ni ana ba ni haƙuri. Har yau ba ma gaisawa da shi, kuma ban yi nadama ba.

Abin bai tsaya a unguwa ba. Wani ya ɗora shi a shafinsa ya sa masa kiɗa. Wani ya rage masa gudu daidai wurin kwalbatin. 'Yan uwanmu na Garwa da na Kano suka kira suna kuka, sun gani kafin mu sanar da su. Na nemi yaron da ya ɗauka, abokinsa ne, tare suke zuwa gangaren. Ya zo shago yana sharɓar hawaye, ya ce wallahi mutum ɗaya ya tura wa, don a zo a taimaka. Na tambaye shi da ya ga abokinsa a ƙasa, me ya hana shi ajiye wayar ya tallafi kansa? Ya ce bai sani ba, hannunsa ne ya ƙi sauka. Na so in mare shi, na ga shi ma abin tausayi ne, na ce ya tafi.

Daga nan duk wayar da ta shigo shagona gyara, kafin in mayar sai na bincika. In na samu in goge. Kusan kowace akwai, har ta matan aure, har ta limamai. Na san aikin banza nake yi, ina goge ɗaya ana tura goma, amma ban iya barin ta ta fita daga hannuna da shi a ciki ba. Wayar Yaya kuwa na cire ta daga duk zaurukan nan kafin in mayar mata, na ce gyaran ne ya share su.

Bayan an share makoki ta koma rumfarta ta albasa. Na ɗauka ƙurar ta kwanta. Sai wata rana bayan azahar, kasuwa ta yi sanyi, na ɗago kai na gan ta tsaye a ƙofar shagona. Yaya ba ta zuwa shagona, in tana nemana aike take yi. Na kori 'yan kallo, na kashe akwatin da ke kunne, na share mata benci. Ta zauna ta daɗe tana kallon tarkacen rediyon da ke ƙasa.

Ta ce ta san akwai hoto. Tun ranar farko ta sani, da na ɗauke mata waya, ba yarinya ba ce ita. Ta ce a kasuwa in ta doso sai mata su yi tsit, kowa yana dubanta da idon da ya ga abin da ita ba ta gani ba. Jiya wata baƙuwa ta tsaya a rumfar kusa tana nuna wa mai rumfar, ba ta san uwar tana zaune a gefe ba, aka yi caa a kanta aka kashe. Na fara rantse-rantse, na ce ba abin gani ba ne, in ta gani ba zai fita daga idonta ba har ta mutu, ni da na gani ban ƙara barcin kirki ba. Ta ɗaga mini hannu.

“Auta, ba gani na zo yi ba. Ji na zo yi. An ce ɗan naka ya samu kalma. In ya faɗa, ai tana ciki.”

Duk tsaron da na yi, ido na tsare, ban taɓa kawo kunne a raina ba. Na ce ai hayaniya ta yi yawa, ba a jin komai. Ta ce ita za ta ji, ta san muryarsa. Na ce ba ni da shi, na goge. Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina yaro in na ɓoye abu a bayana. Gaskiyarta, akwai shi a wayata. Na goge na kowa, nawa na kasa.

Ta juya ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta miƙo kunne. Na kifa wayar a kan tebur na danna. Ihun samari ya taso, sai ƙarar boris tana ƙaruwa tana ƙaruwa, sai hon ɗin babur, sai bugun. Na ga kafaɗarta ta motsa. Bayan nan gudu ne da kururuwa, wani yana kiran Nzapa, wato Allah da Sango, wani yana innalillahi, wani yana cewa a kawo mota. Ya ƙare. Ta ce in sake. Na sake. Ta ce akwai wata murya can ƙasa kafin bugun, in ƙara sauti. Na ƙara har wayar tana rawa a kan tebur.

Na san muryar da take nufi. Na riga na sa abin kunne na saurare ta ba sau ɗaya ba, ni ma abin da take nema na nema. Muryarsa ce. Ihun murna yake yi, irin na wanda gudu ya yi wa daɗi, kuma bai gama shi ba ya isa kwalbatin. Bayan bugun babu sauran muryarsa ko kaɗan.

Ta juyo, fuskarta a jiƙe, karo na farko da na ga hawayenta a kansa. Ta ce ƙarar ƙarfen nan ce ta danne maganar, tana jin bakinsa yana motsi a ƙarƙashi. Ta ce ai ni mai gyara ne, tun ina yaro nake cire shuu daga rediyon Baba har magana ta fito. Ba zan iya cire ƙarar nan in bar mata muryar kaɗai ba?

Ana iyawa. Akwai masu na'urar da ke yin haka a cikin gari, na san ɗaya, aikin yini guda ne. Na dubi yayata, wadda ta goya ni, na ce mata irin wannan aikin sai an samo wata na'ura daga waje, babu ita a Bangui, amma zan sa a nemo.

Ta ce to, Allah ya yi mini albarka, ta gyara mayafinta ta koma rumfa. Tun daga ranar ba ta ƙara neman in kunna mata ba. Sai dai duk sanda motocin kaya suka iso daga Kamaru, takan aiko ƙanwar yaron ta tambaye ni ko na'urar ta zo. Nakan ce tukuna.